Ɗakin da Ke Saman Shagon Mai Faci

"Buɗe bakinki ki hura min!"

Da wannan maganar Inna, uwar mijinta, take tarbar Amarya duk ranar da ta zo ganin ƴarta. Babu sannu da zuwa, babu ya hanya... A bakin ƙofa za ta tsayar da ita, maƙwabta na leƙe ta taga, ita kuma ta sunkuya ta hura numfashinta a fuskar tsohuwar kamar yarinyar da ake tuhuma da lasar sukari. Sai Inna ta shinshina, ta yamutsa fuska, ta matsa gefe da ƙyar, sannan Amarya ta samu shiga falon da a da take sharewa da hannunta. Can a ƙuryar kujera za ta hango Ƴar Lele, yarinyar da ba a daɗe da sa ta a makaranta ba, tana satar kallon uwarta ta ƙasan ido, an hana ta rugowa. Wayyo! Uwa da ƴa a ɗaki ɗaya, amma sai an ba da izini kafin su taɓa juna.

Amarya ake ce mata a gidan tun ranar da aka kawo ta, har ta haihu, har mijin ya rasu, sunan bai sauya ba. Marainiya ce, ba uwa ba uba, mijin nan shi ne gatanta duka. Gyaran wutar lantarki yake yi, wata safiya ya fita da jakar kayan aikinsa, da rana aka dawo da jakar da takalmansa. Bayan ta fita takaba ta samu aikin guga a ɗakin wankin wani otal, can ƙarƙashin bene inda ba taga sai tururi da ƙugin injuna. Barci ya ƙaurace mata, ta rame ta lalace. A nan ne wata mai gyaran ɗakuna ta miƙo mata ragowar kwalbar giyar da baƙi suka bari, ta ce ta kurɓi kaɗan za ta samu barci. Ni dai ba zan wanke ta ba, mai karatu, ta sha. Ta sha har abin ya fi ƙarfinta, har ranar da Inna ta same ta yashe a ƙasa, risho na ci da wuta, yarinya na kuka a gefenta. Ranar Inna ta saɓa jikarta a kafaɗa, ta ce, "Duk ranar da kika rabu da ƙazantar nan da gaske, ki zo ki ɗauki ƴarki. Kafin nan kuwa ko ɗankwalinta ba ki isa ki ɗauka ba!"

Ta yi ƙoƙarin bari ita kaɗai, Allah ya sani ta yi. Ta yi rantsuwa, ta yi kuka a kan sallaya, ta kwana biyu tsaf, sai jiki ya ɗauki rawa, zufa ta karyo, ta koma. Wata rana hannunta na karkarwa ta ƙona rigar matashin kai da dutsen guga, sai wata dattijuwa mai ninke zannuwan gado, wadda kowa ke ce wa Gwaggo, ta fizge rigar ta cusa a ƙasan kwando kafin shugaban ɗakin wanki ya gani. Ta matso kusa ta ce a hankali, "Ƴar nan, ni ma hannuna ya taɓa irin wannan rawar. Akwai inda muke haɗuwa bayan la'asar, mu da muka san ciwon. Ba malami ba likita, mu ne dai, kowa ya riƙe hannun ɗan'uwansa. In kin shirya, ga kwatance."

Kwatancen kuwa ba mai daɗi ba ne. Wani lungu ne matsattse a bayan tasha, a bakinsa akwai mashaya mai jan labule, sai ka wuce ta sannan ka iske shagon mai faci, ka hau wata matakalar ƙarfe da ke gefensa. Ranar farko Amarya ta kai ta kawo a bakin lungun har ƙafarta ta gaji, warin da ke fitowa ta bayan jan labulen yana kiranta kamar ya san sunanta. Da ƙyar ta runtse ido ta wuce, ta hau. Ɗaki ne ɗan ƙarami, kujerun roba an jera su da'ira, butar shayi a kan wani benci, fanka na juyawa tana kuka. Akwai wata nas da ko kayan aikinta ba ta cire ba, da wani malamin makaranta mai farin gilashi, da wani saurayi mai walda, ga Gwaggo na mata murmushi. Mai jan ragamar zaman wani tsohon direban babbar mota ne, Direba kawai suke ce masa, mutum mai faɗin ƙirji da ƙaramar murya.

"Barka da zuwa, ƙanwata," in ji Direba. "Ba ma tambayar suna, ba ma tambayar gida. Kya iya magana, kya iya shiru, shayin dai dole ne, ko da yake malam ne ya dafa, sai haƙuri." Aka yi dariya. Sannan ya gyara zama, fuskarsa ta sauya. "Doka ɗaya ce tak a ɗakin nan. Fuskar da kika gani da maganar da kika ji, a kan matakalar can za ki ajiye su in za ki sauka. Ko da wuƙa a wuyanki. Duk ranar da wani ya fita da sirrin wani, ɗakin nan ya mutu, mu ma kuma mun bi shi."

Ranar kuka kawai ta yi, kuma ba wanda ya ce mata ta yi shiru. Ta dawo, ta sake dawowa. Watanni suka shuɗe, rawar hannu ta tafi, kumatunta suka ciko, har Inna ta fara barin Ƴar Lele ta zauna a cinyarta. Rannan ma tsohuwar ta ce, tana kallon gefe, in abin ya ɗore zuwa hutun makaranta za a duba magana. Amarya ta fito tana tafe tana hamdala, ba ta san abin da ke tafe a bayanta ba...

Wata la'asar ana tsakiyar zama aka ji takun mutum a matakala, a hankali, yana hawa yana tsayawa. Wani mutum ya shigo ya jawo hula har gira, ya zauna a kujerar bakin ƙofa kansa a ƙasa. Da Direba ya yi masa maraba sai kawai ya fashe da kuka, babban mutum da shi, yana cewa shekara da shekaru yana sha a ɓoye, a bayan shago, a cikin mota, kowa na ganinsa mutumin kirki, ya gaji, ya gaji! Tun kalmar farko Amarya ta gane muryar. Yaya Babba ne, wan mijinta, mai riƙe da shagon kayan gini na gado, wanda ba a yanke komai a gidan Inna sai da shi, mutumin da kullum bakinsa ke tauna kanumfari ana cewa tsafta ce. Ya ɗago kai zai share hawaye, idonsa ya faɗa cikin nata. Innalillahi! Kujerar ta kife, sai ƙarar takunsa aka ji yana sauka kamar an biyo shi.

Direba ya tashi ya tayar da kujerar, ya ce, "Ba wanda ya shigo. Malam, ci gaba da maganarka."

Washegari ta tashi daga aiki ta iske motarsa a bakin ƙofar ma'aikata. Ya sauke gilashi, idanunsa jajur. "Wa kika faɗa wa?" Ta durƙusa ta ce, "Yaya, ni ban ga kowa ba, wallahi ban ga kowa ba. Ka dawo ma, wurin nan zai taimake ka..." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ni za ki yi wa wayo? Kina jira ne ranar da za ki buƙaci maganar ki fasa ta. To bari in gaya miki, kafin ki buɗe baki zan mayar da ke wadda ko sallama kika yi ba mai amsawa." Shi bai taɓa riƙe sirrin kowa ba a rayuwarsa, don haka bai yarda akwai mai iya riƙe nasa ba.

Daga nan masifa ta fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya je ya gaya wa Inna ana ganin Amarya tana shiga lungun mashaya kowane mako, har ya ɗauki tsohuwar a mota suka laɓe daga nesa, ta gani da idonta. Da aka tambayi Amarya ina take zuwa, ta ce wurin masu taimakon juna ne a daina sha. Su wa ke nan? Ta yi shiru. Shirun nan ya zama shaida a kanta. Bai tsaya nan ba, ya samu shugaban ɗakin wanki ya ce shi ɗan'uwanta ne, yana jin kunyar faɗa, amma tana kwasar kwalaben baƙi. Ba bincike ba komai aka karɓe rigar aikinta, Gwaggo na roƙo har da hawaye ba a saurare ta ba. Mai gidan da take haya ya fara yi mata wani irin kallo. Matan layi suka daina amsa gaisuwarta.

Sai ranar ziyara. Ta hura, Inna ta shinshina ba ta ji komai ba, ta ce ai yanzu an iya dabara. Amarya ta ajiye jakarta a bakin ƙofar falo ta shiga wanke wa Ƴar Lele hannu. Tana fitowa ta ga Yaya Babba tsaye, matarsa a bayansa kanta a sunkuye. Ya ce, "Inna, a duba jakar nan mana." Inna ta zazzage ta a tsakiyar falo. Ga ɗan biskit da ta sayo wa yarinya, ga carbi, ga mayafi... sai wata ƙaramar kwalba ta gangaro ta tsaya daidai ƙafar Ƴar Lele.

"Inna, wallahi ba tawa ba ce! Na rantse da wanda raina ke hannunsa ba tawa ba ce!"

"To ta wa ce? Ta wa ce, don ubanki? Tawa?" Inna ita ma hawaye take yi. "Na so in yarda da ke, Allah ya gani. Shi ke nan! Ranar Asabar yarinyar nan za ta tafi wurin ƙanwar babanta can nesa, ta girma a can, ta manta da ke. Ba zan bari ki kashe min abin da ɗana ya bari ba."

Amarya ta zube a ƙasa ta kama ƙafar tsohuwar. Ta ɗaga kai ta dubi Yaya Babba, yana tauna kanumfarinsa, gumi na tsattsafo masa a goshi. Kalma ɗaya ce a kan harshenta, mai karatu, kalma ɗaya! Amma ta tuna nas ɗin nan da aikinta zai tafi in aka fara tone-tone, ta tuna malam da ɗalibansa, ta tuna ita kanta ranar da ta hau matakalar nan ba ta da komai sai kunya, aka rufa mata asiri. Ta tuna har da kukan da shi wannan azzalumin ya yi, don kukan na gaskiya ne, ta san irinsa. Ta haɗiye kalmar. Inna ta cusa mata kwalbar a jaka ta ce ta tafi da abinta, aka turo ta waje, kukan Ƴar Lele na bin ta har bakin titi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin nan shi ne yinin da ya biyo baya. Ta zauna a ɗakinta tun rana tsaka, ƙofa a rufe, kwalbar a gabanta a kan tabarma. Ba aiki, ba ƴa, ba mai yarda da ita. Wata murya na ce mata, an riga an ce kin sha, to me ya rage? Ta ɗauka, ta ji sanyin gilashin a tafinta, yatsunta suka kama murfin... "Ya Allah, ka ga halin da nake ciki! Ya Allah, kada ka bar ni da kaina!" Ta miƙe a firgice ko takalmi ba ta daidaita ba, ta fita da kwalbar a hannu cikin mayafi, ta ratsa tasha, ta wuce jan labule, ta hau matakala tana haki. Ta dire kwalbar a tsakiyar da'ira, murfinta a ɗaure yadda yake.

Ta ba su labari tana shessheƙa, ta faɗi korar aiki, ta faɗi jaka, ta faɗi Asabar. Sunan wanda ya yi mata ne kawai ba ta faɗa ba, wani dai ta ce. Ba wanda ya tambaya, ko da yake duk sun gane. Mai walda ya miƙe yana huci, Direba ya daka masa tsawa ya zauna. Can Direba ya ce, "Ba mu da ikon faɗin sirrin kowa, ko da na mugu ne. Amma kowa a nan yana da iko da nasa sirrin. Ni dai tsoho ne, kunyata ta ƙare tuntuni. Ban tilasta wa kowa ba." Nas ta daɗe tana kallon farcenta, sannan ta ce, "Ƙarfe nawa motar za ta tashi?"

Safiyar Asabar gari ya yi luf, hadari ya haɗo bai zubar ba. Mota na tsaye a ƙofar gidan Inna, an ɗaure jakar yarinya, dangi sun taru, Yaya Babba na ta ba da umarni. Amarya na rakuɓe a jikin katanga, an ce ta tsaya daga nan ta yi sallama. Sai ga su sun ɓullo ta kan kwana, Direba a gaba, Gwaggo, nas, malam, da mai walda a baya. Suka yi sallama suka tsaya a gaban Inna.

"Hajiya, ki gafarce mu," in ji Direba. "Ni mashayi ne, Allah ya taimake ni na bari. A lungun da kika ga baiwar Allah nan tana shiga, ɗakinmu na sama, a can muke haɗuwa mu riƙe juna." Gwaggo ta ce ita ma haka, kuma ita ta kai ta. Malam ya cire gilashinsa ya faɗi nasa. Da nas ta matso sai Inna ta dafe ƙirji, don ita ce mai auna mata hawan jini a asibiti. "Ni ma, Inna," ta ce, hawaye na zuba. "Yau na faɗa a gaban mutane, komai zai same ni ya same ni. Ƴarku ba ta sha. Kwalbar nan a ɗaure ta kawo mana ita, in kuma ana shakka a zo a gwada jininta yanzu."

Tunda suka ɓullo Yaya Babba ya kasa tsayuwa wuri ɗaya. Yana ganin fuskokin nan ya tabbata tonon asirinsa aka zo yi, ɗaya bayan ɗaya, shi ne na ƙarshe. Direba ya juyo kawai don ya gyara tsayuwa, idonsa ya gifta ta kansa, sai mutumin ya yi tsalle yana nuna su da yatsa.

"Ƙarya suke yi, Inna! Duk abin da za su ce a kaina ƙarya ne! Sau ɗaya tak na shiga ɗakin nan, ko zama kirki ban yi ba, kuma ranar ma ban sha da yawa ba..."

Ya tsaya. Kanumfarin ya faɗo daga bakinsa.

"Bawan Allah," in ji Direba a hankali, "mu ba mu ambace ka ba. Ba kuma za mu ambace ka ba."

Inna ta juya ga Amarya. "Kin sani? Duk abin nan da ake miki, kin sani kika yi shiru?" Amarya ta sunkuyar da kai ba ta amsa ba, har a lokacin! Sai matar Yaya Babba ta rushe da kuka ta durƙusa. "Inna, na gaji da ɗaukar zunubi! A gabana ya sa mata kwalbar nan a jaka, daga ƙarƙashin kujerar motarsa ya ɗauko, akwai wasu ma a can yanzu. Shi ya je otal ya yi mata sharri. Ya ce in na faɗa a bakin aurena..." Wani daga cikin dangi ya buɗe motar ya ɗaga kujera, ƙarar gilashi ta amsa wa kowa.

"A cikin motar nan za ka ɗauki jikata ka hau babbar hanya?" Inna ta ce wa Yaya Babba. "Ba don ka sha ba, wannan ciwo ne, ga masu irinsa nan sun fi ka mutunci. Don ka zalunci marainiya, matar ƙaninka, kana kallona ina zaginta! Kawo makullan shagon ubanku. Kawo! Kada ka sake taka min gida sai ka je otal ɗin nan ka faɗi gaskiya da bakinka, ka bi layinta gida gida ka wanke ta." Ya miƙa makullan, ya juya ya bi titi a ƙasa, ba wanda ya raka shi ko da ido, matarsa ma ɗakin Inna ta shige ta bar shi.

Tsohuwar ta taka da kanta har jikin katanga, ta kama hannuwan Amarya biyu. "Ki yafe min, ƴata... ki yafe min don Allah." Suka rungume juna suna kuka, Gwaggo na share ido da bakin mayafi. Ƴar Lele ta sulalo daga cikin mutane ta tsaya a gabansu, tana duban wannan tana duban waccan, ta ce, "Mama, yau ma tafiya za ki yi ki bar ni?"

Inna ce ta sunkuya ta ɗauko jakar da aka ɗaure don tafiya nesa, ta rataya wa uwar a kafaɗa, ta ɗora hannun yarinyar a cikin nata.

"Tare za ku tafi," ta ce. Har sun kai bakin titi ta ɗaga murya ta kira. "Amarya! Ranar zamanku, ki biyo ki ajiye min ita. Kada ki kuskura ki fasa zuwa saboda rashin mai riƙe miki yarinya."